Agwagi ne suka fara mutuwa

Akwai wani guruf na WhatsApp da muke ciki mu masu sayar da kayan sola, yawanci ba abun da ake yi a ciki sai cigiyar inbata da kukan farashin dala da tallan fanel, toh kwanaki wani bawan Allah ya turo mana wata doguwar takarda wai dokar batir ce ta NESREA, hukumar da ke sa ido kan dokokin muhalli ta ƙasa, wadda aka fitar a 2024, yace dan Allah kowa ya daure ya karanta don an fara maganar rajista. Kafin kace kwabo guruf ya kaure. Wannan yace sabuwar hanyar tatsa ce kawai, wancan yace su fara kawo wuta tukuna kafin su zo suna tambayarmu ina muke kai mataccen batir, wani kuma sitika kawai yake ta jerowa. Nima na tura tawa dariyar, ba zan ɓoye ba.

Da la'asar na zagaya bayan shago zan yi alwala. A nan nake jibge baturan da kwastomomi ke dawo dasu in sun mutu, kafin 'yan gwangwan su zo mu yi ciniki. Ban taɓa tsayawa na ƙirga su ba sai ranar, goma sha huɗu ne, biyu sun fashe ta gefe, ruwan batir ya tsiyaye ya ci ƙasar wajen har tayi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Kajin maƙwabciyarmu suna ta tono a daidai wurin. Ina riƙe da buta na kasa zuba ruwan, saboda wallahi abun da ya faɗo min a rai agwagin garinmu ne.

Ni mutumin ƙasar Anka ne a Zamfara, kasuwanci ne ya kawo ni Kano. Waɗanda suka san abun da ya faru a wajenmu a 2010 sun riga sun gane inda na dosa. A lokacin zinare ya yi tsada a duniya, ana maganar dala 1,200 duk oza, kuma Allah yasa akwai shi a duwatsunmu, sai kowa ya ajiye fartanya ya ɗauki diga. A fasa dutse a daji, a cika buhu, a ɗoro a mashin a kawo cikin gari. Injin niƙan da ake niƙa mana gero da dawa shi aka mayar na niƙa dutse, mata a cikin gida suna dakawa a turmin da suke daka fura, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe, a wanke a bakin rijiya ko tafki. Kuɗi suka shigo, mutane suka sa kwano a rufin ɗaki, samari suka sayi mashin, aure ya yi ta ɗauruwa. Ba wanda ya san cewa dutsen nan cike yake da dalma, kuma ƙurar da ke tashi daga bakin injin tana sauka a kan tuwo da tabarma da hannun yaro.

Agwagi aka fara rasa. Sai kaga agwagwa tana tangaɗi kamar ta sha wani abu, gobe a tsince ta a mace, har suka ƙare ƙaf a wasu garuruwan, aka ce ai annobar tsuntsaye ce ta shekara. Daga nan sai yara. Amai, ciwon ciki, yaro ya dena gane uwarsa, sai jijjiga, sai a ɗauka zuwa maƙabarta. Aka ce sanƙarau ne, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce iska. Ɗiyar yayana tana cikinsu, bata cika shekara uku ba, kuma iya abun da zan faɗa kenan a kanta, Allah yasa mai ceto ce.

Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka lura a watan Maris na 2010 cewa wannan mace-macen ya wuce misali kuma maganin maleriya baya taɓa shi. Da aka gwada jini sai ga dalma. Daga baya masu bincike na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu suka ƙirga, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar da aka tsaya a kai a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta haura yara 400. Ƙaramar na'urar da suke gwada jini da ita iyakar lambar dalmar da take iya nunawa 65 ce, in jinin yaro ya wuce haka sai dai ta nuna ya yi sama kawai, kuma yawancin yaran haka ta dinga nunawa, alhali 45 ma ya isa a fara ba yaro magani.

Abun da mutane da yawa basu sani ba, maganin nan ba a fara ba yaro shi a sallame shi ya koma gidan da gubar take. Maganin yana janyo dalmar ne daga jini ta fita ta fitsari, in ka mayar da yaron kan ƙasar da ta sa masa ciwon aikin banza kayi. Dole sai an fara gyara garin. A nan ne wani kamfanin injiniyoyin muhalli na Amurka mai suna TerraGraphics da ƙungiyar Blacksmith suka shigo tare da ma'aikatar muhalli ta jiha, aka fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010 ana tsere da damina, bayan ruwa ya ɗauke aka shiga Abare da Sunke da Tungar Guru da Tungar Daji da Duza. Ni a wannan zagaye na biyun aka ɗauke ni lebura, ina ɗan shekara ashirin da ɗoriya, kuma a nan na fara jin cewa ashe ƙasa ma tana da lamba.

Suna da wata na'ura kamar bindigar wasan yara, XRF suke ce mata, a ɗora bakinta a ƙasa a danna, cikin ƙasa da minti ta faɗi yawan dalmar da ke wurin, kashi nawa ne cikin miliyan. Ma'aunin da aka ɗauko na Amurka ne, 400 a wurin da yara ke wasa. A wasu gidajen inda ake niƙa dutse na'urar ta nuna sama da 100,000. Ka sake karantawa, dubu ɗari, a tsakar gidan mutum. Tsarin aikin kuma ba wani abun mamaki a ciki, in wuri ya haura 1,000 a kankare saman ƙasar kamar tsawon ɗan yatsa, a zuba a buhu, a sake ɗora na'ura, in ta sauko a kawo ƙasa mai kyau wadda aka riga aka gwada a shimfiɗa a daɓe. In tsakanin 400 ne da 1,000 a rufe da sabuwar ƙasa. Buhunan a loda a kai wani babban rami da aka haƙa a bayan gari a binne. Fartanya, shebur, baro, kwanon sarki, tsintsiya. Shikenan kayan aikin da suka tsayar da mutuwar, in ka cire na'urar.

Wahalar tana wajen shiga gidajen mutane. Gidan kulle ne, ƙarti ba zasu faɗa wa matan mutum haka kawai ba, sai an bi ta wajen mai gari da liman, a sa rana, mata su koma maƙwabta da yara, a fito da komai waje, gado da tukwane da kwalla da tabarmi, a share ɗaki a goge bango a wanke abun da zai wanku. Akwai wani dattijo da ya zauna a bakin zaurensa ya hana mu shiga, ya kalle ni yace, kai yaro, ɗan wa kake? Na faɗa masa. Yace to ubanka ya san ni, ƙasag ga kakana ya taka ta, ubana ya taka ta, mi ta yi maku da zaku kwashe ta cikin buhu kamar gero? Nace Baba ba ƙasar bace, abun da aka zuba mata ne. Bai yarda ba sai da aka ɗora na'urar a gindin turmin gidansa yaga lambar, aka fita bayan gari cikin gona aka ɗora yaga wata lambar daban ƙarama. Baya karanta boko amma ya san bambancin lamba biyu da lamba biyar a jere. Ya tashi ya ɗauke buzunsa yace ku shiga.

Har gobe ina tuna wannan, saboda a gabana akayi, mutum ya ƙi jin likita ya ƙi jin mai gari amma ya ji awo da aka yi a gaban idonsa.

Bagega ce ta sha wuya. Ita ce babba, nan ne matattarar masu niƙa, yara wajen 1,500 suna jiran magani amma MSF ba zata iya farawa ba sai an gyara garin, kuɗin gyaran kuma gwamnatin tarayya tayi alkawari a 2012 suka maƙale a Abuja. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta Human Rights Watch da su Hamzat Lawal na Follow The Money suka tada ƙura a intanet da kamfen ɗin SaveBagega kafin aka saki kuɗin a farkon 2013, aka yi aikin a shekarar. Kusan shekara uku yara na rarrafe a kan abun da kowa ya san guba ne. Sannan a 2015 abun ya sake ɓulla a Shikira cikin ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28, sak irin namu, zinare da injin niƙa da tsakar gida, kamar ba a taɓa jin labarin Zamfara ba.

Toh da daddare ranar da na ga kajin nan na buɗe takardar da nayi wa dariya, daga ita kuma na faɗa karance-karance har wajen ƙarfe biyu, sai na tarar lambobin da na haddace a 2010 duk sun canza ban sani ba. Wannan 400 ɗin da muke kai gida gare shi muce alhamdulillahi an gama, hukumar muhalli ta Amurka ta sauke shi zuwa 200 a watan Janairun 2024 a matsayin inda ya kamata a fara bincike a unguwannin zama. Na jinin yara ma haka, da 10 ne abun damuwa a wajen CDC, a 2012 suka mayar 5, a 2021 suka mayar 3.5. Hukumar lafiya ta duniya kuma cewa take babu wani adadin dalma a jini da za a ce lafiya lau ne, ko kaɗan ne yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro kuma abun da ya taɓa baya dawowa. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Ba wai aikin da muka yi ya tashi a banza ba, daga dubu ɗari zuwa ɗari huɗu ai rai ne aka ceto, amma yaran da suka rayu a lokacin yanzu samari ne da 'yan mata, wasu in ka zauna dasu zaka gane akwai abun da aka ɗauke musu, karatu baya zama, ga saurin fushi, mutane suce halinsu ne.

Kai har kwalli. A 2012 CDC ta bada rahoton wani jariri ɗan iyaye 'yan Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka bi diddigi kwallin da ake sa masa a ido ne, aka gwada shi sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Na faɗa wa Hajiyarmu wannan tace ita da kwalli aka raine ta kuma gata nan garau, na rasa ta inda zan ɓullo mata, na dai roƙe ta kar a sa wa nawa.

Ɓangaren iska ma haka lambobin ke ta sauka. Akwai ƙurar da suke kira PM2.5, ƙanƙantarta ta kai a jera kusan talatin kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya, ita hanci baya tace ta, huhu take wucewa har cikin jini. A 2021 hukumar lafiya ta duniya ta rage ma'auninta na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska. Amurka ta sauke nata daga 12 zuwa 9 a Fabrairun 2024, Tarayyar Turai ta amince a shekarar cewa zuwa 2030 nasu zai dawo 10 daga 25. Mu ma muna da tamu dokar ingancin iska, ta 2014, aka sabunta ta a 2021, ga ta hayaƙin motoci tun 2011. In takarda ce wallahi ba a bar mu a baya ba.

In ka ɗauko maganar iska a Kano abun da za a fara ce maka ai hazo ne, daga Allah ne, wa zai kama hunturu ya ci shi tara. Kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangaren, ƙurar nan daga ƙwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, iska ta kwaso ta ta biyo ta Nijar ta sauke mana, ba dokar da zata tare ta. Amma hazo ya zama mana mafaka. Wata uku yake yi ya tafi, sauran wata taran fa? Layinmu kaɗai in an ɗauke wuta janareto nawa ke tashi lokaci ɗaya, kowa ya juya bututun hayaƙinsa ya kalli shagon ɗan uwansa. Ga masu babbakar ganda da tsohuwar taya, hayaƙin baƙi ƙirin ya tokare sama tun asuba, ga bola da ake cinna wa wuta da leda da komai a ciki, ga 'yan gwangwan masu ƙona waya don su ciro jan ƙarfe, ga adaidaita sahu a danja, ga uwa uba matanmu a kicin da itace ɗanye da goyo a baya. Wannan duk ba daga Chadi ya zo ba.

Man da muke zubawa ma labari ne. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa man dizal mai ƙazamin sinadarin salfa musamman don Afirka ta Yamma, irin wanda ba zasu isa su sayar a gida ba, don su a can iyakarsu kashi 10 cikin miliyan, mu a lokacin dokarmu ta yarda har 3,000. A ƙarshen shekarar Najeriya da Ghana da Benin da Togo da Kwaddibuwa suka ce sun koma 50, ECOWAS ta maimaita a 2020, amma shekaru aka kwashe ana ɗaga ranar farawa. Abun dariya abun takaici, sai da Holan da Beljiyam suka hana fitar da irin wannan man daga tashoshin ruwansu sannan maganar ta fara kama jiki. Wato mai sayar maka da guba ne aka hana a garinsu, ba kai ka ƙi saya ba.

Ni abun da na lura dashi, dokokin muhallinmu kusan duk ihu bayan hari ne. Sai da aka jibge dubban duro na sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988 kafin aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. NESREA ta gaje ta a 2007, dokar ma'adinai ma ta 2007 ce kuma a cikinta akwai maganar gyara wurin da aka yi haƙa, duk suna nan a rubuce shekara uku kafin yaranmu su fara mutuwa. Ba rashin doka ya kashe su ba, ba wanda ya taɓa zuwa Dareta da na'ura ne kafin kaburbura su cika. Shi yasa duk sanda naji an ce an sabunta doka an rage lamba kaza zuwa kaza, tambayata ɗaya, wa zai auna, da me, kuma in ya auna zai nuna wa mai gidan kamar yadda aka nuna wa dattijon nan, ko zai rubuta a fayil ya tafi? Hukuma mai 'yan ma'aikata a ofishin jiha ba zata iya bin kowane lungu ba ko da kowa a cikinsu waliyyi ne. Na'urar gwada iska ƙarama yanzu bata kai kuɗin batir ɗaya da nake sayarwa ba, da za a liƙa ta a ƙofar kowace babbar kasuwa da allon da ke nuna lambar kowa na gani, ina ganin da ta fi taron bita goma aiki.

Amma laifi tudu ne. Ina zaune ina zagin hukuma, batura goma sha huɗu na tsiyaya a bayan shagona.

Dokar batir ɗin in ka cire turancin lauyoyi abun da take cewa mai sauƙi ne. Wanda ya ƙera batir ko ya shigo dashi ƙasa, alhakinsa baya ƙarewa ranar da ya sayar, da shi za a yi ɗawainiyar tattaro mataccen a kai inda ya dace. Mai tattarawa da mai ɗauka da mai narkawa kowa sai da rajista da izini. Ba a yarda a zubar da ruwan batir a ƙasa ko a kwata ba, ba a yarda a fasa shi da gatari a fili ko a ƙona ba. Kuma duk wanda ke wannan sana'ar tamu ya san dalilin da yasa aka yi ta yanzu, tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya koma sola, masallaci da kemis da mai cajin waya da gidan amarya, batirin ruwa kuma in ya yi shekara biyu zuwa uku a zafin nan namu ya gode Allah. Kowane ɗaya fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Lissafa adadin da muka sayar a shekara biyun nan, duk suna nan tafe zasu mutu kusan lokaci ɗaya.

Ina suke zuwa? Ɗan gwangwan ya saya a wajena, ya ɓalle murfin ya tuntsurar da ruwan a kwata don mota bata son nauyin banza kuma dila kilo yake biya, a tara a loda a tirela a yi kudu. Da yawa Ogijo suke ƙarewa a jihar Ogun, kusa da Legas, inda masana'antun narka batir suke a tsakiyar gidajen mutane. A ƙarshen 2025 jaridar New York Times da wasu 'yan jarida masu bincike suka sa aka gwada jinin mutanen garin, aka samu dalma mai yawa a jikin ma'aikata da yara, ƙurar tana sauka a tsakar gida da filin makaranta, dalmar da aka narka kuma ana fitar da ita waje a yi sabbin baturan mota da ita. Hukuma ta rufe wasu masana'antun a wannan tsakanin. Da nake kallon hotunan, in ka cire yaren da kalar ƙasar, Bagega nake gani. Kuma wannan karon ni ina cikin masu turo dutsen.

Can gida ma maganar bata mutu ba. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, amma saboda 'yan bindiga ne ba saboda dalma ba, kuma kowa ya san hanin a takarda ya tsaya, abun da ya canza kawai masu sa ido sun dena iya shiga. A Disambar 2024 aka ɗage. MSF ta miƙa aikinta ga gwamnatin jiha a 2022 bayan sun yi wa yara sama da 3,500 magani. Zinaren da ya haukata mu yana dala 1,200 ya haura 4,000 a 2025, toh wa zaka ce wa ya bari? Ba mai bari. Abun da aka gwada kuma ya yi aiki shine a fitar da niƙan daga cikin gari, a dinga fesa ruwa a bakin injin don ƙurar ta kwanta, mutum ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Gwajin da aka yi da masu haƙa a jihar Neja feshin ruwan nan kaɗai ya rage dalmar da ke tashi a iska da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Ruwa fa, da ɗan bututu.

Washegari yaron da ke sayen baturana ya zo da kurarsa. Na dai san shi shekara biyu, yaron kirki ne, daga wani ƙauye yake zuwa cirani. Muka yi ciniki ya ciro sukundireba zai fara ɓalle murfi kamar kullum nace a'a, yau da ruwansu zaka tafi. Ya kalle ni yace Alhaji ai oga baya karɓa da ruwa, in na kai haka sai ya zabge min kuɗi, kuma kura zata yi nauyi. Nace nawa zai zabge? Ya faɗa, na rage masa daidai wannan a cinikin. Ya yi shiru yana juya abun, sannan yace toh Alhaji in na kai can ma ai zubarwa za a yi, bambancin kawai ba a bayan shagonka ba. Ban da amsar da zan bashi. Na kalli hannunsa duk fatar yatsun ta ɗaɗe, na tambaye shi yana wanke hannu kafin ya ci abinci, ya yi dariya yace wani lokacin.

Guda biyun da suka fashe na hana shi, na sa su a cikin wani tsohon baho na roba na rufe. Na tambaya a guruf ko akwai wanda ya san mai tattarawa mai rajista a Kano, mutum biyu suka turo sitika, ɗaya yace zai bincika min. Na kira maƙwabciyarmu nace Hajiya dan Allah a dinga kulle kajin nan, kuma ƙwan da suka yi kwanan nan kar a ba yara, tace ikon Allah, yau kuma me ya faru, nace zan yi miki bayani.

Bayan sallar magariba na ari fartanya wajen mai gadi, na ɗaura hankici a hanci, na yayyafa ruwa na kankare wajen kamar tsawon ɗan yatsa yadda aka koya mana, hannuna bai manta ba ko kaɗan. Buhu ɗaya da rabi ya cika. Na sa aka kawo yashi baro biyu na shimfiɗa. Sai da na ɗaure bakin buhunan na miƙe sannan na tuna a Abare akwai ramin da ake kaiwa, an haƙa shi musamman an auna an rufe. Nan kuwa bola ce kawai a ƙarshen layi, inda yara ke tsince-tsince kuma ake cinna mata wuta duk Asabar. Buhunan suna nan a lungun shago bayan katan ɗin fanel, yau kwana tara kenan.